Lagireton Baba Tanimu

Duk shekara in an gama girbi sai na ga sababbin fuskoki a bakin rumfata. Samari ne daga gida, sun sauko daga bayan tirela da jakar leda ɗaya, sun zaga Agege kwana biyu sun ga tura baro da wuya, dako da wuya, sai su hango wani dattijo zaune a inuwa yana wasa da ruwa a rabin duro. Shi ke nan sun sami sana'a. Wani har cewa ya yi wata uku zai ba ni in koya masa, don kafin damina yake son komawa da ita garinsu. Na ce masa madalla, ni dai shekara huɗu na yi kafin a bar ni in kunna wuta ba kowa a kaina, amma ba mamaki kansa ya fi nawa ja.

Ba na jin haushinku, don abin da ido ke gani shi ne liƙi, liƙi kuwa ko mai gyaran bokiti ya iya. Aikin lagireto kashi uku ne. Akwai liƙin, akwai gane abin da ya sami lagireton tun kafin mai shi ya buɗe baki, sannan akwai faɗa wa mai shi abin da ka gani. Na farko da na biyu an koya mini su da ranƙwashi. Na ukun ba wanda ya koya mini, a kansa kuma na yi asarar mutumin da ya kawo ni garin nan.

Sunansa Malam Tanimu, muna ce masa Baba. Aminin mahaifina ne, ƙauyenmu ɗaya a ƙasar Gumel. A lokacin direban babbar mota ne, ya sauko da shanu Ikko ya koma da goro da gishiri. Da mahaifina ya rasu, bayan sadakar arba'in ya ce wa mahaifiyata, "Ba ni Sabi'u in tafi da shi." Ko tambayarsa ba ta yi inda zai kai ni ba. A ɗakinsa na Agege na yi shekara tara, a kwanonsa nake ci, shi ya nema mini aure, shi ya raɗa wa ɗana na fari suna. Ban taɓa zama benci ɗaya da shi ba, in yana magana kuma ƙasa nake kallo. Haka aka tashe mu.

Shi ya kai ni wurin Oga Lamidi, mai gyaran lagireto a Ilupeju, can bayan kamfanoni. Bayarabe ne amma a Zariya ya tashi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, zagi ma ya fi mu iyawa. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: rabin duro cike da ruwa, famfon keke, ƙarfen liƙi guda uku, fitilar hura wuta mai kananzir, sandunan dalma, burushin waya, da kwalbar asid da ake tsoma gashin kaza a shafa wa wurin da za a liƙe. Akwai kuma tsohon gejin mai da ya goge ya yi sumul, da shi ake zura wa layi a fitar da datti. Lagireto dai tanki ne a sama, tanki a ƙasa, tsakaninsu siraran bututai da muke kira layi, a jikinsu kuma ganyen tagulla jere kamar saƙar zuma, shi ya sa muke ce masa saƙa. Shekarata ta farko ban taɓa dalma ba. Wanki nake yi, da miƙe ganyen saƙa ɗaya bayan ɗaya da ƙusar da aka daddaka bakinta, har in na rufe ido layuka nake gani.

Aikin farko da aka ba ni ni kaɗai lagireton wata bas ce ta ma'aikatan kamfani, ya fashe a gindin tankin sama. Na goge, na shafa asid, na zuba dalma ta kwanta luf. Na toshe bakunan, na tsoma a duro, na buga famfo, ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Na miƙe ina jiran yabo, sai na ji ranƙwashi.

"Me ya fasa shi?" in ji Oga Lamidi.

Na ce ai tsufa ne.

"Tsufan ubanwa? Ruwa ba ya tsami banza. Buɗe tankin."

Na narkar da liƙin da na gama alfahari da shi, na ɗage tankin, na tarar rabin layukan sun toshe da laka ja. Ruwa ya rasa hanyar sauka shi ya sa ya nemi ƙofa da kansa. Da na mayar da shi haka, kafin sati ya zagayo zai sake fashewa a wani wurin, wataƙila ya tafi da injin gaba ɗaya. Ranar har magariba ina zura geji.

Daga nan na fara koyon tambaya. Wani mai danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Ikko, ya zo mini yana cewa motarsa aljanu gare ta: in ya shiga gosulo a Oshodi allurar zafi ta haye sama, in hanya ta buɗe ta sauko da kanta. Ba aljani ba ne, iska ce ba ta ratsa saƙar sai mota na gudu. Ko fanka ta gaji, ko fambel ya saki, ko laka da leda sun liƙe fuskar. Wani mai tasi mai zuwa Abekuta kuma nasa akasin haka ne, a cikin gari lafiya lau, da ya hau doguwar hanya ya taka sai ta tafasa. Wannan toshewar ciki ce. Ka bari injin ya yi zafi, ka kashe, ka ɗora tafin hannu kan saƙar ka bi ta a hankali. Lafiyayyen lagireto ɗumi ne ko'ina. Inda ka ji sanyi, layin wurin ya mutu.

Sauran alamun mai mota ne ya kamata ya fara ganinsu, in da yana dubawa. Ruwan da kullum da safe sai ka ƙara kofi ɗaya, wani wuri yake zuwa, duba ƙasan inda motar ta kwana. Farin zane ko kore mai kama da busasshen gishiri a bakin tanki, yoyo ne da bai yi ƙarfin ɗiga ba tukuna. Ruwan da ya koma kalar shayi, tsatsa ce ke cin cikin. Tiyon sama in ya kumbura ko ya yi lugub a hannu, kwanansa ya ƙare. In kuwa ka buɗe murfi ka ga abu fari-fari mai maiƙo, ko kumfa na tasowa alhali injin bai yi zafi ba, kada ka zo wurina, gaskit ne, nemi makanike. Na sha faɗa wa mutane haka su yi fushi su tafi wurin wanda zai karɓi aikin, su dawo bayan sati biyu ana jan motar da igiya.

Direbobinmu kuwa kowa likitan kansa ne. In lagireto ya fara yoyo a hanya, wani ya zuba garin rogo, wani ya fasa ɗanyen ƙwai, wani barkono. Yoyon yakan tsaya, ba ƙarya, amma abin da ya toshe ramin shi zai toshe layin. Na taɓa buɗe na wata tasi na tarar da abin da zai ishi mutum biyu karin kumallo, sukari kawai ya rage. Mai shi yana tsaye yana rantsuwa bai taɓa zuba komai ba sai ruwa. Ban musa masa ba, na dai miƙa masa cokali.

Da na yi shekara goma sha a rumfar kaina, a bakin babban titin da ya bi ta Abule Egba, in aka ajiye mini lagireto nakan san inda motar ke bi. Na tirelar shanu gashi ne da fara a maƙale. Na masu ɗaukar yashi ciki ya cinye da ruwan gishiri. Mai shi zai iya yi maka ƙarya, amma abin da ya maƙale a saƙa yana nan.

Sai muguwar shekarar ta zo. Bayan sojoji sun koma bariki an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, motocin tokumbo, wato tsofaffin da ake shigowa da su daga Turai, suka cika gari. Mun yi murna, muna cewa aiki ya zo. Da aka fara kawo mana su sai muka ga lagiretonsu kansa roba ne, jikinsa alminiyam. Dalma ba ta kama alminiyam, roba kuwa in ta ga wuta narkewa take. Mai shi ma ba ya son gyara, kasuwa zai je ya sayo wani tsohon ya ɗaura. Sai in yi kwana uku ban kunna wuta ba. Abokan sana'ata da dama suka koma okada, wato acaɓa, Oga Lamidi da kansa ya rufe rumfa ya zauna a gida a Mushin. Ga shi garin ba lafiya. Ƙaramar cacar baki tsakanin Bahaushe da Bayarabe, kafin ka ce kwabo an rufe shaguna, washegari ana neman wanda bai dawo gida ba. Mutanen da muka shekara ashirin muna cin abincin sallar juna suka fara gaisawa a tsaye.

A lokacin Baba Tanimu ya haura sittin, ya daɗe da barin manyan motoci. Wata tsohuwar Fijo akori-kura gare shi, kullum da safe yana ɗaukar nama daga abbatuwa ya kai kasuwannin Mushin da Idi-Araba. Mahautan da yake yi wa dako duk a ƙarƙashin wani Alhaji Bawa suke, shi ke cewa wace mota za ta ɗauka. Da motar nan Baba yake ci, da ita iyalinsa ke ci a gida. Abin da ya fi ji da shi kuma ba motar ba ce, sunansa ne. Shekara arba'in yana tuƙi, ko kaza bai taɓa takawa ba, kowa a kara, kasuwar shanu, ya san haka, don shi ma ba ya gajiya da faɗa.

Zuwan farko da ya kawo mini motar a shekarar nan, ruwa na tsiyaya ta tsakiyar saƙar. Na kwance na juya, sai na ga zane a zagaye ta ɓangaren injin, inda fanka ta karta ta yanke layi biyu. Fanka ba ta zuwa wurin lagireto don kanta, sai in an turo shi wurinta. Na leƙa gaba, bamba ta ɗan lotsa. Na ce, "Baba, an taɓa gaban ne?" Ya ce wani mai danfo ne ya ja baya bai duba ba. A Ikko wannan ba labari ba ne. Na liƙe, na ɗaura, ya yi mini addu'a ya tafi.

Zuwa na biyu bai fi sati shida ba. Wannan karon tafasa ta yi masa a Mushin har tiyo ya fashe, ya ce sai da ya ji ƙauri ya ankara. Mutumin da ya shekara arba'in ido ɗaya a hanya ido ɗaya a kan allura, yau sai hanci ne ya gaya masa. Murfin ma a karkace aka ɗaura shi. Ga kuma sabon kartar fanka a kan tsohon liƙina. Da na gama gyara ya ɗauki jarka zai cika da kansa, kamar yadda ya saba, don ba ya yarda kowa ya zuba wa motarsa ruwa. Ina tsaye ina gani ruwan ya bi ta gefen bakin yana zuba kan batir, shi kuwa yana ci gaba da tsiyayawa, har sai da ya kai yatsa ya laluba. Ya tayar, injin ya ɗan ɗauki zafi, sai ya ce, "Sabi'u, duba mini allurar nan, rana ta haske gilashin." Motar kuwa a inuwar rumfa take.

Na sunkuya ta taga na ce tana tsakiya. Da zan ɗago, na yi abin da ban taɓa yi ba tun ina yaro, na dubi tsakar idonsa. Na hagun ya yi fari kamar an ɗiga nono, na daman ma ya fara. Shekara nawa muna tare kullum, amma sai da lagireto ya gaya mini.

Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Ranar Juma'a bayan masallaci na tafi Mushin wurin Oga Lamidi na kwashe duka na faɗa masa. Yana zaune a barandarsa da zane ɗaure a ƙugu, hannunsa na rawa kamar na duk wanda ya tsufa a kan dalma.

"Yanar ido ce," ya ce. "Ƙanwar matata an cire mata a babban asibitin nan na Idi-Araba, yanzu har zare take sa wa allura. Kullum Baban naka yana sauke nama a bayan katangarsu. Je ka zaunar da shi ka ce Baba ba ka gani, ajiye mukulli mu je asibiti. Magana ta ƙare."

Na ce, "Oga, mu ba ma haka. Ni in dubi Baba in ce masa ba ya gani?"

"To wa zai ce? Ni?"

Bai jira amsata ba ya ci gaba.

"Ku da kunyarku. Shekara shida na yi ina koya maka ganin ciwo, ashe bakin na manta."

Na yi dariyar yaƙe na taso. Ku da kuka tashi a gida kun san abin da nake nufi. Tun muna yara ake ce mana abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To ta ina yaron zai fara ce wa babban ko ƙofar motarsa ba ya hangowa? Sau uku ina shirya maganar a hanya, in na isa ɗakinsa na tsuguna na gaishe shi, ya tambaye ni yara, sai in fasa. In ƙare da zancen tsadar kananzir in tashi.

Zuwa na uku ana tsakiyar damina. Fitilar dama ta fashe, ragar gaba ta karye, lagireton ya lotsa ta ƙasa. Na ce me ya faru, ya ce akuya ce ta gitta. Ina kwance ƙusoshi na ga abu maƙale a karyayyar ragar, na zaro. Ƙyallen atamfa ne, shuɗi da rawaya, tsawon yatsa. A cikin saƙar kuma ɓawon lemo. Na daɗe a Ikko, na ga abubuwa, amma ban taɓa ganin akuya da zane ba. Na cusa ƙyallen a aljihu na ci gaba da aiki.

Da yamma wani mai danfo, tsohon kwastomana, ya tsaya ba don gyara ba. Ya jawo ni gefe ya ce, "Oga Sabi'u, dat your Baba no dey see road o," wato Baban nan naka ba ya ganin hanya. Ya ba ni labarin abin da ya faru a tashar Abule Egba da safe. Baba ya sauka daga kwalta ya kwashi tiren wata mai lemo, ya fizge mata zane, Allah ya tsare ƙafarta. Nan da nan aka kewaye motar, wasu sun fara ɗaukar duwatsu, wani na cewa a kawo taya a ƙone shi. Shi da wasu direbobi biyu da suka san Baba suka shiga tsakani suna ba da haƙuri da Yarabanci, suka tura shi cikin mota ya tafi. Ya ce, "Yau mun kasance a wurin. Gobe fa? Ka san yadda gari yake. Ba shi kaɗai za a taɓa ba, har ku."

Gaskiya ya faɗa. A watannin nan abin da bai kai wannan ba ya sa an ƙone layi guda.

Na riƙe lagireton kwana biyu ina cewa dalma ta ƙare, alhali ga ta nan a akwati. A rana ta uku na yi abin da na ga manya na yi in magana ta fi ƙarfin bakin yaro: na nemi babba ya faɗa. Na je gidan Alhaji Bawa, na tsuguna, na ce ina roƙon arziki. Na gaya masa komai, na ce sa'ansa ne, shi zai iya kiransa gefe su yi magana ta manya, a lallashe shi ya je asibiti, a ba wani motar ya riƙa ja kafin ya warke. Na roƙe shi kada sunana ya fito. Ya ce na kyauta, in bar masa. Na fito ina jin na sauke kaya, har ina ganin na yi dabara. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Alhaji Bawa ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi, kuma mutum ne da ba ya yarda da magana sai ya gwada. Abin da ya biyo baya ban gani ba, amma wanda bai ba ni labarinsa ba a Agege sai kurma. Bayan azahar suna zaune a rumfar mahauta, mutane cike, sai Alhaji ya ce, "Malam Tanimu, wane ne wancan tsaye a bakin ƙofa?" Baba ya juya ya duba, ya ce, "Ai Malam Audu ne mai awo." Har ya ɗaga hannu ya ce, "Malam Audu, barka da rana." Ashe fatar saniya ce aka rataya a jikin turke tana shan iska.

Aka ce dattawan wurin sun sunkuyar da kai, amma samarin mahauta ba su iya riƙe dariya ba. Nan Alhaji ya ce daga yau an hutar da shi, kuma kada ya ga laifin kowa, ɗan da ya riƙe ma, Sabi'u, shi ya zo da maganar don tausayi. A ganinsa gyara mini yake yi.

Kafin sati ya cika Baba ya sayar da motar ga masu yanka ta su sayar da kayanta. Lagireton da na gyara ma ba a zo karɓa ba. Na je ɗakinsa sau biyu, maƙwabta suka ce ba ya nan, alhali ga takalmansa a ƙofa. Na ji baƙin cikin da ban ji irinsa ba tun rasuwar mahaifina, kuma ban da wanda zan ɗora wa. Gida ya koma, damina biyu ya ƙara a can Allah ya yi masa rasuwa, da yanarsa a ido. Bayan ranar da zan faɗa muku yanzu ban sake ganinsa ba.

Ranar Talata ce da hantsi, na sami aiki bayan kwana huɗu, ina dafa ƙarfen liƙi. Na ji sallama, na ɗago na gan shi tsaye da jaka a kafaɗa da buta a hannu. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Na yi wuf na goge benci, ya zauna, na tsuguna a ƙasa. Muka gaisa kamar kullum, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu.

"Tun yaushe ka sani?" ya ce.

"Tun ranar da tiyo ya fashe, Baba."

"Na san ka sani. Na ji lokacin da ka kalle ni." Ya juya butar a hannunsa. "Kullum ka zo ɗakina sai in ce yau zai faɗa. In ji ka kama zancen kananzir."

Na ce, "Baba, nauyinka na ji."

"Nauyina ka ji, shi ya sa ka kai ni kasuwa."

Can na ce akwai asibitin Idi-Araba, Oga Lamidi ya ce ana cirewa, ko gobe sai mu je.

"In warke in ga wa? Waɗanda suka yi mini dariya?" Bai ɗaga murya ba. "Ni ma tsoro nake ji, Sabi'u. Wata shida ina tuƙi da addu'a. Mutum ɗaya nake jira ya ce mini ajiye, a cikin ɗaki, mu biyu. Da kai ka faɗa, da na yi maka faɗa, in kore ka, da safe in kawo maka mukullin da hannuna. Ba wanda zai ji."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun a ranar, ba don wannan ya zo ba. Tirelar da za ta tafi gida tana lodi a ɗaya hannun titin, direban yaron wani abokinsa ne, ya ce zai ba shi kujerar gaba.

Ya miƙe ya gyara jakarsa, ya tsaya yana fuskantar titin. Motoci na ta wucewa, danfo da tanka da okada, ba mai ragawa wani. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya miƙo hannu gefe, ba tare da ya juyo ba.

"Kama ni ka tsallakar da ni."

Na kama. Ban taɓa riƙe hannunsa ba sai a gaisuwa, ashe ya rame haka. Muka tsallaka rabi muka tsaya a tsakiya muna jira, muka ƙarasa. Da ƙafarsa ta taka ƙasa ya zare hannunsa.

"Koma," ya ce. "Ka bar wuta a kunne."

Ban koma ba. Direban ya sauko ya karɓi jakar, ya taimaka masa ya hau, ya rufe ƙofa. Baba yana zaune ta wajen taga, fuskarsa na kallon inda nake, tsakaninmu bai fi taku goma ba. Har tirelar ta tashi ta hau kwalta ina ɗaga masa hannu, na kuwa san ba ya gani.